Yadda Ake Ɗaura Garmar Ture Dusar Ƙanƙara a Lodar Gaban Tarakta

A karkarar Kanada da jihohin arewacin Amurka, haka ma a ƙasashen Norwe da Suwidin da Finlan, motocin hukuma titin jama'a kawai suke sharewa idan dusar ƙanƙara ta sauka. Hanyar da ta taso daga ƙofar gida zuwa bakin titi, da farfajiyar gona, da gaban rumbunan ajiya da garken dabbobi, duk alhakin mai gida ne. A yankuna irin na birnin Buffalo da ke jihar New York, inda dusar da ke zuba a shekara takan kai kusan mita biyu da rabi, wannan aiki ne da ake ta maimaitawa tun daga Nuwamba har zuwa Maris. Wanda yake da tarakta mai loda a gaba, wato hannuwan ƙarfe biyu masu ɗaga bokiti, yana iya kwashe dusar da bokitin lodar, sai dai bokiti cika yake yi, dole a tsaya a juya a zubar a sake dawowa. Garma kuwa, wato faffaɗan farantin ƙarfe mai lanƙwasa wanda ake karkatarwa hagu ko dama, tana zubar da dusar a gefe ne tarakta na tafiya, don haka doguwar hanya takan buɗe da zuwa ɗaya da dawowa ɗaya.

Kafin a taɓa sufana, akwai abin da ya kamata a fahimta, domin a kansa duk sauran bayanin ya rataya. An ƙera hannuwan loda ne domin ɗaga kaya sama, ba domin tunkuɗar abu da ƙarfi ba, balle kuma tunkuɗar da ke zuwa daga gefe guda. Garmar da aka karkatar tana tura hannuwan zuwa gefe, kuma idan kusurwarta ta ci karo da dutse ko kututture ko gefen kankare da dusa ta rufe, duk ƙarfin karon a kan hannu ɗaya yake sauka. Hannun loda da ya murɗe ba ya komawa daidai cikin sauƙi, kuɗin sauya shi kuma ya ninka na garmar. Saboda haka kyakkyawan ɗauri shi ne wanda ya matso da garma kusa da tarakta, ya daidaita ta da ƙasa, ya kuma bar mata hanyar da za ta sassauta idan ta daki abu.

Gane mahaɗin loda da zaɓen garma

Abu na farko shi ne a duba yadda bokiti yake haɗe da hannuwan loda, domin ba kowace garma ce take shiga kowace loda ba. Mahaɗin da ya fi yaɗuwa a Amurka da Kanada shi ne wanda ya samo asali daga kamfanin Bobcat a farkon shekarun 1970 da sunan Bob-Tach, wanda daga baya ya zama na kowa, har taraktocin Kubota da Kioti da Mahindra da dama suna zuwa da shi. Ana gane shi da libobi biyu a sama, waɗanda idan an danna su ƙasa suke tura sakatu biyu cikin ramukan da ke ƙasan farantin kayan aiki; faɗin farantin kuwa kimanin inci 45 ne. A Turai da kan manyan taraktoci an fi amfani da mahaɗin Euro, inda ƙugiyoyi biyu na kayan aikin suke rataya a kan sandar ƙarfe, sakata kuma ta shiga ta gefe. Ƙananan lodocin John Deere da yawa suna da nasu tsarin daban, ƙugiya a sama da ƙusoshi a ƙasa. Tsofaffin lodoci kuma da ƙusoshi huɗu ake ɗaure bokitinsu kai tsaye. Ana sayar da farantin da ke sada wani mahaɗi da wani, amma yana ƙara nauyi, yana kuma ƙara tura garma gaba da 'yan incina, don haka sayen garmar da ta dace da lodar tun farko ya fi.

Wajen faɗi, ƙa'idar ita ce garma ta rufe sawun tayoyi ko da an karkatar da ita, in ba haka ba tayoyin baya za su riƙa take dusar da ba a share ba, ta daskare ta zama ƙanƙara. Mafi yawan garemani suna karkata ne zuwa digiri 25 ko 30, kuma a digiri 30 garma tana rasa kusan kashi 13 cikin ɗari na faɗinta. Garma mai ƙafa 7, wato inci 84, idan ta karkata inci 73 kawai take sharewa. Sai a auna daga wajen tayar baya ta hagu zuwa wajen ta dama, a zaɓi garmar da faɗinta a karkace ya zarce wannan awo da 'yan incina. Ƙananan taraktoci masu ƙarfin doki 25 ko ƙasa da haka sukan tsaya a ƙafa 5 ko 6, matsakaita kuma ƙafa 7 zuwa 8. Kwaɗayin babbar garma ba ya haifar da alheri, domin jiƙaƙƙiyar dusa tana da nauyi ƙwarai: sabuwar busasshiya ba ta cika wuce kilo 100 a kowace mita kubik (mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi) ba, amma wadda ta jiƙe ta danne takan ninka haka sau uku ko huɗu.

Nauyin garmar kanta ma abin lura ne. Littafin loda yakan ba da adadi biyu na abin da take iya ɗagawa, ɗaya a daidai ƙusoshin bokiti, ɗaya kuma a milimita 500 gaba da su, na biyun kuma kullum ya fi ƙanƙanta. Garma tana zama nesa fiye da haka, don haka da ƙaramin adadin ake lissafi, har ma a rage. Duk wanda ya taɓa ɗaukar bokitin ruwa da miƙaƙƙen hannu, sannan ya sake ɗaukarsa a jikin cinyarsa, ya san bambancin da tazara take kawowa.

Cire bokiti da rataya garma

A yi wannan aiki a kan shimfiɗaɗɗen wuri mai tauri, kankare idan da hali, kuma zai fi kyau a yi shi tun cikin Oktoba kafin sanyi ya kama, lokacin da yatsu suke iya riƙe noti. A sauke bokiti har ya kusa taɓa ƙasa, a ja birkin hannu, a kashe inji, sannan a sauko a ɗaga libobin biyu. A koma a tayar da inji, a kifa mahaɗin zuwa gaba ana sauke hannuwa a hankali har leɓen bokitin ya saki, sai a ja da baya. Daga nan a goge laka da tsatsa daga fuskar mahaɗin, a shafa giris a sakatun, domin sakatar da ta cije a sanyi tana iya zama kamar ta shiga alhali rabi kawai ta shiga.

Sai a fuskanci garmar kai tsaye da giya mafi ƙanƙanta, mahaɗin yana ɗan kife gaba, har gefensa na sama ya shige ƙarƙashin leɓen farantin garmar. A ɗaga hannuwa kaɗan, a naɗo mahaɗin zuwa baya har farantin ya kwanta sosai a jikinsa ba tare da rata ba. A sake kashe inji, a danna libobin ƙasa har su kulle. A nan ne mutane da yawa suke gaggawa, kuma a nan ne bai kamata a yi ta ba: a durƙusa daga gefe a leƙa, a ga da ido cewa bakin kowace sakata ya fito ta ramin da ke ƙasan farantin. Bayan haka a danna garmar a ƙasa da ƙarfin loda, a ɗan ja da baya. Idan farantin bai motsa daga mahaɗin ba, ta kamu. Kada wani ya tsaya tsakanin tarakta da garma inji yana aiki, kuma kada a shiga ƙarƙashin hannuwan da aka ɗaga sai an tokare su.

Manoma da yawa ba sa sayen sabuwar garma, tsohuwar ta motar a-kori-kura suke samu, irin wadda kamfanin Western ko Fisher ko Meyer suke ƙerawa, su sa mai walda ya haɗa ta da sabon farantin mahaɗi. Wannan hanya tana aiki sosai idan an kula. Farantin ya zama mai kauri, inci 3/8 ko fiye, a kuma ƙarfafa shi da ƙarfe ta baya. A walda kunnuwa a ƙasansa inda ƙusoshin firam ɗin garmar za su shiga, wato firam mai siffar alwatika da ke riƙe da garmar, a kuma walda ƙugiya a sama domin sarƙar da za ta ɗaga ta. Wasu sukan yanke firam ɗin su gajarta shi domin garmar ta matso, kuma a ganina wannan wahala ce da take biya, muddin an bar isasshen fili yadda kusurwar garma ba za ta taɓa farantin ko tayar gaba ba idan an karkatar da ita har ƙarshe.

Tiyoyi da man haidirolik

Garmar da ake karkatarwa da hannu ba ta buƙatar komai sai zare ƙusa a juya a mayar. Mai silinda kuwa tana buƙatar hanyar mai ta uku, bayan ta ɗagawa da ta naɗewa. Ana samun ta ko dai ta hanyar bawul na uku mai maɓalli a kan sandar loda, wato sandar da direba yake sarrafa lodar da ita, ko bawul mai karkatar da man naɗewa zuwa garma idan an danna maɓalli, ko kuma a jawo dogayen tiyoyi daga mahaɗan mai da ke bayan tarakta. Kawunan tiyo iri biyu ne suka fi yawa, masu shafaffiyar fuska da masu ɗan tsini irin na kayan gona, kuma ba sa shiga juna, don haka a duba kafin a saya.

Kafin haɗawa a kashe inji, a motsa sandar ko maɓallin gaba da baya domin matsin da ya maƙale ya sauka. Idan bawul ɗin na lantarki ne, sai an murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba. A goge kawunan da tsumma mai tsabta, domin ƙwayar yashi ɗaya tana iya lalata bawul. A ɗaure tiyoyin a jikin hannun loda, a bar musu sako-sako daidai yadda za su bi garma zuwa sama da ƙasa da hagu da dama ba tare da sun ja ko sun matse ba. Idan garmar tsohuwar mota ce, a zubar da man da ke cikin silindojinta tukuna, kada ya gauraya da na tarakta, wanda a yawancin taraktoci shi ne kuma man giya.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da ake yawan tsallakewa, kuma su ne suke ceton kayan. Na farko shi ne bawul ɗin sassauci da ake sanyawa tsakanin tiyoyin biyu. Dalilinsa shi ne, da zarar an saki maɓalli, man da ke cikin silinda a kulle yake, kuma bawul ɗin kariya na tarakta ba ya kai gare shi. Idan kusurwar garma ta daki abu, matsin ba shi da wurin zuwa, sai tiyo ya fashe ko sandar silinda ta lanƙwashe ko kuma hannun loda ya sha dukan. Wannan bawul yana barin man ya tsallaka zuwa ɗaya silindar, sai garmar ta juya da kanta ta kauce. Na biyu shi ne ɗan maƙogwaro mai rage gudun mai, domin famfon tarakta yana turo mai fiye da abin da ƙananan silindoji suke buƙata, kuma idan babu shi garmar fizga za ta riƙa yi daga wannan gefe zuwa wancan.

Matsin man tarakta yakan kai 140 zuwa 200 a ma'aunin matsi na "bar", kuma siririn man da ke tsartuwa daga hudar tiyo yana iya huda fata ya shiga nama. Da kwali ake neman yoyo, ba da tafin hannu ba. Wanda man ya shiga jikinsa ya tafi asibiti nan take ko da raunin ya yi kama da sukar allura, domin sau da yawa sai an yi tiyata.

Daidaita garma da ƙasa

Wannan shi ne matakin da yake bambanta aiki mai kyau da na ɓarna. Garma tana juyawa ne a kan wata babbar ƙusa ta tsakiya, kuma sai wannan ƙusa ta tsaya cak a miƙe, wato sai firam ɗin ya kwanta daidai da ƙasa, kafin bakin garma ya taɓa ƙasa gaba ɗayansa a kowane karkace. A sauke garmar a kan kankare tana fuskantar gaba, a ɗora ma'aunin magina mai ɗigon ruwa a kan firam, a yi ta gyara tsawon hannuwa da naɗin mahaɗi har ɗigon ya zauna a tsakiya. Sannan a karkatar da ita hagu har ƙarshe a duba kusurwoyin biyu, a mayar dama a sake dubawa. Idan kusurwar da ke gaba ce take nitsewa ta baya tana tashi, bayan firam ɗin ya yi sama da yawa. Idan kuma ta gaba ce take tashi, ya yi ƙasa. Da zarar an samu daidai, a shafa fenti ko a naɗa salatif a kan sandar nuna kwanciyar bokiti, domin daga kujera, cikin duhun asuba, ba a iya ganin firam ɗin.

Daga nan sai takalman garma, wato ƙananan fayafayan ƙarfe biyu da ke bayan bakinta, waɗanda ake ɗagawa ko saukewa ta hanyar mayar da wasoshi sama ko ƙasa. A kan kwalta ko kankare ana barin su daidai da bakin garma. A kan hanyar tsakuwa kuwa sai a sauke su yadda bakin zai tashi da rabin inci zuwa inci ɗaya, in ba haka ba idan bazara ta zo za a tarar da rabin tsakuwar hanyar a cikin ciyawa. A farkon lokacin sanyi, kafin ƙasa ta daskare, takalman ma nitsewa suke yi, shi ya sa wasu suke tsaga bututun ƙarfe su sanya a bakin garmar, ko su bar dusar farko ta danne ta zama shimfiɗa. Inda ake tsoron karce daɓen siminti mai ado, ana sauya bakin ƙarfe da na roba.

Sifirin ɗin da ke bayan garma su ne suke barin ta ta kife gaba idan bakinta ya ci karo, sannan su dawo da ita. Ƙa'idar da masu ƙera garemani da dama suke bayarwa ita ce a ɗaure su har zobban sifirin su fara rabuwa kaɗan, yadda takarda za ta iya shiga tsakaninsu. Kada a taɓa ɗaure garma da ƙusa don a hana ta kifewa a lokacin turin dusa.

Saura batun yadda garmar za ta bi tudu da kwarin hanya. Idan aka tura sandar loda gaba har ta maƙale, hannuwan sukan saki su kwanta da nauyinsu, kuma wannan yana aiki a kan 'yar dusa. Amma idan dusar ta yi nauyi, tarakta takan yi kamar za ta hau kan hannuwanta, tayoyin gaba su yi sako-sako, sitiyari ya daina ji, garmar da ke karkace kuma ta ture gaban taraktar zuwa gefe. Tsarin sarƙa ya fi a nan: ana tsayar da hannuwa a tsawon da aka yi wa alama, a bar sarƙar ta yi sako, garmar ta bi ƙasa ita kaɗai, nauyin loda kuma ya zauna a kan tayoyin gaba. Aibinsa shi ne ba a iya danna garma ƙasa don kankare daskararriyar dusa. Ga mai doguwar hanyar tsakuwa sarƙa ce ta fi, ga mai farfajiyar kankare kuwa ɗauri mai tauri ya fi amfani.

Nauyin baya da gwajin farko

Garma a gaba tana rage nauyin tayoyin baya, alhali su ne masu turi da birki. A rataya akwatin nauyi ko wani kayan aiki mai nauyi a mahaɗin baya mai kafa uku, gwargwadon abin da littafin loda ya faɗa. Ana kuma ɗura wa tayoyin baya ruwan da ba ya daskarewa, kamar ruwan gwozar sukari ko ruwan gishirin kalsiyam, ko da yake na biyun yana cin ƙarfen taya idan ya yi yoyo. Ruwa zalla ba ya yi, daskarewa zai yi. A kan gangare ko santsin ƙanƙara sarƙar taya ta fi komai, amma kafin a sa wa tayoyin gaba a duba ko kamfanin ya amince. A bar sandar kariya ta saman kujera a tsaye, a ɗaura bel, a kunna fitilar gargaɗi idan za a kusanci titi.

Tun kafin dusa ta sauka a kakkafa sanduna masu ƙyalli a gefen hanya, da bakin kwalbati, da kan murfin rijiya ko duk abin da zai ɓuya. Ranar aikin farko a bar inji da man haidirolik su yi ɗumi, a motsa garmar sau da yawa ba kaya, sannan a fara da saurin da bai wuce na mai sassarfa ba. Gara a share dusa tun tana santimita 10 zuwa 15 da a jira ta taru. A ture tulin farko can nesa da hanya, domin na Janairu da Fabrairu suna buƙatar wuri, kuma idan za a tunkari tuli a miƙar da garmar tukuna yadda hannuwan biyu za su raba nauyin. Tura dusa kan titin jama'a laifi ne a wurare da yawa. A lardin Ontariyo na Kanada sashe na 181 na dokar zirga-zirgar manyan hanyoyi ya hana hakan sai da rubutaccen izini.

Bayan 'yan sa'o'in farko na aiki a sake bin dukkan notuna da sufana, musamman na bakin garma, a duba walda ko ta tsage, a kuma ƙara giris a ƙusar tsakiya. Bakin ƙarfen ana sauya shi ko a juya shi tun bai cinye ya kai jikin garmar ba. Idan lokacin sanyi ya wuce, a wanke gishirin titi daga jikinta, a shafa giris a sandunan silinda, a toshe kawunan tiyo, sannan a ajiye ta a kan katako a wuri mai daidaito, farantin yana fuskantar inda tarakta za ta iya shigowa kai tsaye.